Sai Ruwan Ɗauraya Ya Fito Fari

Agege, Legas.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar hanya. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya sa kin shiga makarantar jinyar nan a sa'a.

Na sa takardar a ƙarƙashin fararen kayan makarantarki don na san su za ki fara ɗagawa. Kada ki nemi labarin gida a ciki, duk abin da ke gidan nan kin bar shi kina sane. Magana ɗaya ce na kasa faɗa miki da baki. Ke 'yar fari ce, kuma kin san irin renon da aka yi mana a Kazaure: ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in buɗe miki cikina. 'Yan Legas suna yi mana dariya a kan wannan, ni kuwa na kasa canzawa. Babanku yana ta zancen sayen wayar hannun nan da ta fara shigowa, to ko ya saya ba ta waya zan yi wannan magana ba. A takarda ba sai na kalli idonki ba.

Na san kina rina gashinki. Tun kafin azumi na sani. Kin ɗauka kin iya ɓoyo, kina cusa kwalin dayis a bayan duron ruwa, kina wanke rigar filonki da kanki ke da ba ki taɓa son wanki ba. Duk ina kallonki na yi shiru. Amma shekaranjiya da kika sunkuya kina ɗaure jaka, ɗankwalinki ya zame, na ga bayan kunnenki na hagu ya yi ja, fatar tana saɓulewa. Na san wannan ja, na san kuma inda yake kai mutum. In kika ci gaba a haka gashin da kike ƙoƙarin gyarawa shi za ki rasa. Babanku yana tsaye a wurin, shi ya sa ban ce komai ba.

Ba faɗan rini zan yi miki ba. Furfurar wuri gadonmu ce. Innata tun tana budurwa take danne tata da shuni, ni kuma ina goyonki ta fara fito min a goshi, ke ga shi kin riga mu duka. Na san yadda zuciya take yi idan yarinya ta duba madubi ta ga farin gashi alhali sa'o'inta ko ɗaya ba su da shi. Malamai sun fi son a yi da lalle, kin fi ni karatu, kin san wannan, na bar ki da shi. Abin da ba zan bar ki da shi ba shi ne yadda kike wanke kan bayan kin shafa. Minti biyar kike yi a banɗaki da rabin bokiti, ina jin ƙarar ruwan daga ɗaki. Ni ma haka na fara, don haka ki saurara.

Ba za ki tuna gidan da muka fara zama ba, na bakin layin dogo. Ɗakuna ne jere suna kallon juna, Hausawa da Yarabawa da mutanen Nijar duk a haɗe, banɗaki kuwa ɗaya tal a bayan gida da ƙyauren langalanga. Da ka shiga wani zai fara bubbugawa. Ni kuma baƙuwar Legas, ga kunya, ba na son kowa ya san abin da nake yi a ciki. Sai in sheƙa kwano uku a kai, in goge da tsumma, in ɗaura ɗankwali in fito da sauri. Na ɗauka tunda gashin ya yi baƙi aiki ya ƙare.

Wata rana da safe babanku ya yi sallar asuba ya wuce kasuwar goro, bai duba madubi ba, don shi ba mai duba madubi ba ne. Ashe filonmu ya musanya, kuncinsa ɗaya har kunne ya yi baƙi ƙirin. Abokan cinikinsa suka sa shi gaba, wai Malam Isa ya fara rina gemu amma ya fara da ɓangare ɗaya don ya ga ko zai karɓe shi. Har yau akwai tsofaffin da ke tsokanarsa da wannan. Da ya dawo bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni ko akwai yadda za a yi kowa ya gane filonsa. Na ji kamar in nutse. Amma ki duba wautata: maimakon in gane cewa abin da ya ɓata filo yana nan zaune a kan fatata, sai na ɗinka baƙar rigar filo na ce na magance matsala.

To ki ji. Ruwa ake fara nema kafin a buɗe kwali. Bokiti biyu cike, a ajiye a inda idonki ke ganinsu, sannan ki kwaɓa. Mu nan tun da sojoji suka koma bariki ake yi mana alkawarin famfo, har yau duro muke cikawa, kuma ba na jin ɗakin kwanan ɗalibai a Kano zai fi mu. Ranar da ba ruwa, ba rini. Ki zaɓi ranar da ba karatu, da hantsi, lokacin da banɗaki ba layi. In wata ta bubbuga ƙofa ki ce mata ta yi haƙuri kina wanke kai, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya faɗi haka.

Kuskurena na biyu na gaggawa ne da ƙarfin hannu. Wani lokaci dayis ya taɓa min goshi da saman kunne, ya yi zane kamar an ja da gawayi. Na tafasa ruwa, na ɗebo garin sabulun wanki, na ɗauki soso na dirje wurin har sai da ya yi jini-jini, na kuma wanke kan gaba ɗaya da wannan ruwan zafin. Zanen bai fita ba, goshin ya kwaile, gashin kuma ya bushe ya yi tauri kamar tsintsiya, baƙin ma ya koɗe ya koma ja-ja. Na yi asarar rinin, na yi asarar fatar. Da na shafa man kaɗanya a goshi da kunnuwa da ƙeya tun kafin in fara, da ba abin da zai kama. In ma ya kama, mai ake shafawa a bar shi, kwana biyu ya tafi da kansa. Ruwa kuma mai ɗumi-ɗumi, wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi. Ki kuma yanke faratan nan naki da kike ji da su, don da tsokar yatsa ake murza kai. Duk inda farce ya karta, nan maganin zai shiga.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Kina shekara biyar matar Baffa Sani ta haihu a Abule Egba. Muka yi ankon farin leshi mu matan dangi. Kwana biyu kafin suna aka yi min shuku ƙanana, kitso mai kyau wanda na wuni ana yi. Ranar suna da safe na gwada ɗaurin gwaggwaro, na tura shi baya yadda ake yayi, sai ga furfura ta fito tsaga-tsaga a gaban kai. Na ce ba zan shiga cikin dangin miji a haka ba, kuma ba zan tsefe kitson kwana biyu ba. Na kwaɓa dayis da kauri, na ɗauki tsohon burushin haƙori na bi kitson layi-layi ina cusawa har tsakiyar kai. Ina ganin kaina mai dabara.

Sai da na gama na leƙa duro na tarar da ruwan bai fi buta ɗaya ba. Mai kawo mana ruwa bai zo ba, ga matan da za mu tafi tare sun shirya suna ta aiko min. Na zuba butar nan a kai, na goge da tsumma, tsumman ya fito baƙi, na sake gogewa ya sake fitowa baƙi. Na ce a raina ai kai a rufe yake, wa zai gani? Don kada gwaggwaron ya ɓaci sai na ɗaura leda a kan kitson, na kafa ɗauri a sama, na fita ina taƙama.

A cikin motar haya, danfo, abin ya fara. Cunkoso ya tsare mu a titin Abekuta, rana ta take, motar ba iska, gumi ya taru a ƙarƙashin ledar. Da farko ƙaiƙayi ne, ina ɗan danna ɗaurin da yatsa. Kafin mu sauka ya koma raɗaɗi kamar an zuba barkono. Abin da har yau nake jin haushin kaina a kai shi ne gidan Baffa Sani akwai rijiya a tsakar gida. A gefenta na wuni ina zuba wa baƙi abinci. Guga ɗaya zan ja in shiga banɗaki, shi ke nan. Amma ga uwar mijina da ta zo daga gida, wadda aka sa miki sunanta, ga yayyensa mata, ga baƙi cike. In tuɓe ɗauri a gabansu, kowa ya ga leda, kowa ya san matar Isa mai ƙuruciya tana rina furfura? Na zaɓi in daure. Baƙin gumi ya gangaro ta ƙeya ya ɓata wuyan leshin, na ja gyale na rufe, ina dariya ana hira, hawaye na taruwa a idona ina cewa hayaƙi ne. Sai bayan la'asar muka kamo hanya. Da na kwance ledar a gida, kan ya kumbura, tsagar kitson duk tana tsattsafo da ruwa.

Ummi, mu masu rufe kai nan ne muke cutar kanmu. Bayarabiyar da za ta fita da kanta a buɗe dole ta wanke shi tas, don kowa zai gani. Mu kuwa sai mu ce ɗankwali zai rufa asiri, mu manta cewa a ƙarƙashinsa zafi da gumi suna dafa maganin a kan fata. Kada ki taɓa shafa rini a kan kitso, ko da silin gaba biyu ne. Ruwa ba ya shiga ƙarƙashin kitso, abin da kika cusa yana nan har ranar tsifa. Ki tsefe tas, ki taje, sannan. Kada kuma ki ƙara lokaci a kan abin da aka rubuta a kwali wai don ya fi kamawa. Idan kuwa kika ji kai ya fara raɗaɗi, ko a aji kike, ko gaban shugabar makaranta, ki tashi ki nemi ruwa. Na ba ki izini ki yi rashin kunyar, in an tambaya ki ce uwarki ce ta sa ki.

Da a nan na tsaya da wautar, da wataƙila an ceci kan. Amma na ƙara da ɓoyo. Na wanke sama-sama, ban tsefe ba saboda taɓawa ma ba ta yiwuwa, na shafa man shanu na mayar da ɗankwali. Na ce wa babanku ciwon kai ne. Fiye da mako ina haka, fuskata ta kumbura, idanuna suka ƙanƙance. Iya Tawa ce ta kama ni, maƙwabciyarmu Bayarabiya da ke ɗakin da ke kallon namu, wadda ta taɓa aiki a shagon gyaran gashi a Ogba. Ina tsugune ina wanke-wanke ta zo wucewa, ta tsaya, ta shinshina, ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Maman Ummi, jowo, don Allah, cire gele ɗin nan na kanki in gani. Ni ba surukarki ba ce."

Na cire. Ta duba kan, sannan ta ɗauki mayafinta ta ce in tashi. Ta kai ni wurin wata ma'aikaciyar jinya da ta sani a Ogba, Sista Rifkatu, 'yar wajen Jos. Da almakashi aka yanke shukun nan da na ƙi tsefewa. A ƙarƙashin kowane layi ga dayis nan a daskare, ya haɗu da mugunya. Sista tana wankewa tana yi min faɗa da Hausarta ta mutanen Filato, wai da na zo tun kwana na biyu da magana ta ƙare da magani kaɗan. Na tambaye ta gashin zai dawo? Ba ta yi min ƙarya ba.

Ta ce, "Na gefe zai fito, Mama. Na tsakiya ɗin nan, fata ya riga ya mutu. Ki yi haƙuri."

Bai fito ba. Daga tsakiyar kaina zuwa hagu akwai wuri kamar faɗin tafin hannu, sumul, ba gashi ko ɗaya, shekara goma sha biyar ke nan. Hular saƙar da kuka taso kuna gani a ƙarƙashin ɗankwalina, wadda nake cewa sanyi ke sa min ciwon kai, dalilinta ke nan. Sanyi a Legas! Ban san yadda aka yi kuka yarda ba. Babanku ya sani. Bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya, sai dai lokaci-lokaci in ga ya ajiye min sabuwar hula a kan gado. Allah Ya saka masa da alheri.

Saboda haka, a makon farko, tun kafin ki fara koyon wanke ciwon mutane, ki nemi ɗaya daga cikin malamanku mata ki buɗe mata bayan kunnen nan. Kada dayis ya sake taɓa kanki sai ya warke sarai. Sista Rifkatu ta gaya min jikin da ya taɓa ƙin maganin nan, in aka sake sa masa abin ya fi na farko muni. In sun ce ki bari, ki bari, ki koma lalle, ni shi nake sa wa abin da ya rage min. In kuma sun ce babu laifi, ki ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu ki jira kwana biyu ki gani kafin ki kai shi kai.

Wankin kuwa, ko na dayis ko na lalle, ga yadda Iya Tawa ta koya min da hannunta bayan na warke, kuma ban taɓa ganin wanda ya fi shi ba. Ba sheƙa ruwa ake fara yi ba. Kofi ɗaya za ki zuba, ki murza kan a hankali har rinin ya saki ya yi santsi, sannan ki fara zubawa. Ki sunkuya gaba, ido a rufe, ki raba gashin gida huɗu kina bin kowane gida har gindi. Ta ce mutane saman kai suke wankewa su tashi, alhali ƙeya da bayan kunne da tsakiyar kai nan ne maganin ke fakewa. Ta kan ajiye farin daro a ƙasa don ruwan ya riƙa zuba ciki. Na farko zai fito kamar tawada, ki zubar. Na biyu toka-toka, ki zubar. Hannu zai gaji, baya zai ƙage, zuciya za ta ce ai ya isa. Bai isa ba sai kin ga gindin daron ta cikin ruwan kamar yanzu aka ɗebo shi. Daga nan ki sa sabulu mai laushi sau ɗaya, ki sake ɗaurayewa, ki danna farin tsumma a ƙeya ki duba. Shi ya sa na sa miki ƙaramin farin daro a cikin kayanki, kika yi ta mita wai ya cika jaka. Bayan haka ki zauna a ɗaki kai a buɗe har ya bushe ƙarau kafin ɗankwali ya hau. 'Yan ɗakinku mata ne, su gani.

In duk wannan ya yi miki yawa wata rana, ki tafi aji da furfurarki. Na rantse miki, ni da na gwada duka biyun, farin gashi ya fi babu.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi a wurina. Kina aji uku a firamare kika dawo da mataji da kibiya, kin koyo kalaba a wurin ƙawayenki, kina murna, kika zagayo bayana kika kama ɗankwalina wai za ki gwada a kaina. Na buge hannunki, na daka miki tsawar da ban taɓa yi miki ba. Kika koma bayan ƙofa kika yi kuka, daga ranar ba ki sake kusantar kaina ba, a kan 'ya'yan maƙwabta kika ƙware. Na san kin ɗauka kunyar 'yar fari ce, ko kuma ba na son ki raɓe ni. Ba haka ba ne. Tsoro na ji kada ki gani. Na daɗe ina jin ciwon wannan rana fiye da ciwon kan. Ki yafe min.

Idan kin dawo hutu ki zo da matajinki. Zan zauna a tabarma in cire hular da hannuna, ki duba da kyau, ki taɓa wurin in kina so, sannan ki kitsa min abin da ya rage. Ba shi da yawa, ba zai ɗauke ki lokaci ba.

Allah Ya tsare min ke zaune da tafe, Ya ba ki lafiyar jiki da kaifin fahimta, Ya sa hannunki ya zama sauƙi ga marasa lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara.